Na biya kuɗi don in bi kwaɗi cikin dare a bayan garin Jos

Ranar da na gaya wa uwargida cewa na biya Naira 12,000 saboda kwaɗo, tambayar da ta fara yi mini ita ce na zogale ne ko na rama, kuma a wane gidan abinci ake tsawwala kuɗi haka. Da na bayyana mata cewa kwaɗon da nake nufi shi ne mai tsalle, wanda yake hana mu barci da damina, sai ta yi shiru irin na wadda ta ga babu amfanin ɓata baki. Ban ga laifinta ba, domin ni ma sai da na yi mako biyu ina jujjuya maganar kafin na tura kuɗin.

Hidimar da na biya wa kuɗin ta wata malamar jami'a ce, masaniyar alaƙar halittu da muhallinsu, wadda ta keɓe bincikenta ga kwaɗi da danginsu masu rayuwa a ruwa da tudu. Ita da ɗalibanta biyu suna fitar da mutane, waɗanda ba su wuce takwas ba a kowace fita, a wasu daren Asabar na damina, zuwa wuraren da take tattara bayanai. Abin da aka yi alkawari shi ne mota daga cikin gari zuwa wurin da dawowa, da fitilar ɗaurawa a goshi, da safar hannu, da shayi, da bayani daga bakin mai sana'ar. Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, na yi shekara 14 ina zana rayuwar kwaɗo a kan allo, daga ƙwai zuwa ɗan da ke iyo da wutsiya zuwa babba, amma ban taɓa durƙusawa a bakin kududdufi da dare na kalli abin da nake koyarwa ba. Kunyar wannan ce ta kai ni.

Zan fara da abin da bai yi mini daɗi ba, tunda shi ya fara zuwa. An ce mu hallara da ƙarfe 6:30 na yamma, amma motar ba ta iso ba sai da muka yi sallar Magariba, muka zauna, har aka kira Isha'i, kuma babu wanda ya kira mu ya ba da uzuri a duk tsawon wannan jira. Da muka isa wurin sai aka tarar fitilun goshi biyar ne kawai suke da caji, alhali mu takwas ne, saboda haka ni da wasu biyu muka koma ga tocilar wayoyinmu, wadda ba ta da amfani a wannan aiki domin tana cinye hannu ɗaya kuma haskenta ba ya zuwa nesa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba a rubuta a saƙon gayyata cewa mutum ya zo da dogon takalmin roba da rigar sanyi ba. Duk wanda ya san Jos, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ya san yadda iskar watan Yuli take shiga ƙashi bayan an ɗauke ruwa. Wata baiwar Allah da ta zo daga Abuja da takalmin shiga ofis ta ƙare daren ne a cikin mota tana rawar ɗari. Waɗannan kurakurai ba na ilimi ba ne, na tsari ne, kuma layi uku a cikin saƙo da cajin fitilu tun da rana sun isa su kawar da su.

Wurin da aka kai mu tsohon ramin kuza ne a wajen Bukuru, ɗaya daga cikin ɗimbin ramukan da kamfanonin haƙar ma'adinai suka bari a wannan tudu tun zamanin Turawan mulkin mallaka, waɗanda ruwa ya cika suka zama tafkuna. Masu lambu sun kewaye da yawa daga cikinsu, suna jan ruwa da inji suna noman kabeji da karas da tumatir da ake kaiwa Farin Gada. Kafin mu sauka daga mota Dakta, kamar yadda kowa ke kiranta, ta yi mana gargaɗi ba tare da wasa ba cewa kada wanda ya sa ƙafa a cikin babban tafkin, saboda gaɓarsa a miƙe take zuwa ƙasa kuma irin waɗannan ramuka sun sha cin rayuka. Aikinmu a ƙananan kududdufai ne da fadamar da ke gefe. Ta kuma sanar da mu cewa mai unguwa da 'yan banga sun san da zuwanmu, abin da ya kwantar mini da hankali fiye da yadda na nuna, domin yawo da fitilu a bayan gari cikin dare ba abin da ake yi da ka ba ne a wannan yanki.

Daga nan ne kuɗina suka fara dawowa. Abu na farko da ta sa mu yi shi ne mu kashe kowace fitila mu tsaya shiru na minti biyar. A kunnena na dā, kukan kwaɗi hayaniya ɗaya ce. Da ta fara rarrabe mana su da raɗa, sai hayaniyar ta warware kamar zaren da aka samo bakinsa: ga gurnani mai kauri na kwaɗon da muka saba gani a bakin rariya, ga wani ƙyas-ƙyas mai kaifi daga saman ciyawa kamar ana buga ƙananan ƙarafa, sannan ga wani sauti can daga ƙasa mai kama da ɗigon ruwa yana faɗawa cikin tulu. Ta ce galibi maza ne suke kuka don kiran mata, kuma kowane jinsi da muryarsa, har ma mai bincike yana iya sanin jinsunan da ke wuri ta hanyar naɗar sauti kawai, ko da bai kama ko ɗaya ba.

Mai kukan ɗigon ruwan ne ya ba mu wahala, kuma shi ne abin da ba zan manta ba. Idan ka nufi inda kake jin sautin sai ya zama kamar daga bayanka yake fitowa. Dabarar da aka koya mana ita ce mutum uku su tsaya a wurare daban-daban kewaye da sautin, kowa ya miƙa hannu zuwa inda kunnensa ya nuna masa, sannan a kunna fitilu lokaci guda. Inda hasken uku ya haɗu, nan za a duba. Sau biyu muna kuskure. A na uku ɗalibar Dakta ta ɗaga wani tushen ciyawa a hankali, sai ga shi, bai kai tsawon babban yatsana ba, fatarsa sumul mai ruwan toka da ratsin baƙi daga kai zuwa baya, da manyan idanu. Da aka ajiye shi a kan tafin hannuna mai safa, bai yi tsalle ba, sai ya fara tafiya da ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar ƙadangare mai sanɗa. Sunansa a kimiyyance Kassina senegalensis, kuma yana ko'ina a ƙasashen ciyayi na Afirka, wato ba wani abin mamaki ba ne ga masana. Amma ni da na yi shekaru ina gaya wa yara cewa kowane kwaɗo tsalle yake yi, na ji nauyin abin a raina.

Masu ƙyas-ƙyas ɗin kuwa ƙananan kwaɗin ciyawa ne na dangin Hyperolius, masu faifai a ƙarshen yatsu da suke manne wa ganye da su. Dakta ta ba mu labarin wani jinsi daga cikinsu da masu bincike Jamusawa suka daɗe suna nazari a gandun Komowe na ƙasar Kwaddebuwa, wanda 'ya'yansa ba sa shiga rami da rani, sai su lafe a jikin ciyawa a tsakiyar rana, fatarsu ta koma fara fat tana mayar da hasken rana, har damina ta dawo. Na lura ba ta ƙawata magana, kuma idan aka yi mata tambayar da ba ta da tabbas sai ta ce sai an gwada. Wannan hali ya ƙara mata daraja a idona.

Abin da ya bambanta wannan fita da yawon buɗe ido shi ne cewa mai biyan kuɗi ba ɗan kallo ba ne, ɗan aiki ne. Duk kwaɗon da aka kama sai an sa shi a sabuwar leda shi kaɗai, a auna tsawonsa, a rubuta wurin da aka same shi da na'urar nuna wuri, sannan a goga tsinken auduga a cikinsa da cinyoyinsa da tsakanin yatsunsa, a karya tsinken cikin 'yar kwalba mai lamba, a sake shi a daidai inda aka ɗauke shi. Ana canza safar hannu tsakanin kowane kwaɗo da na bayansa, kuma kafin mu bar wurin sai da aka wanke takalmanmu da ruwan bilic. Ni aka ba rubuta lambobi, na rubuta guda 23 a daren, da hannun da sanyi ya sandarar.

Dalilin wannan tsantseni wata cuta ce dangin funfuna da ke kama fatar kwaɗi. Kwaɗo yana shan ruwa da daidaita gishirin jikinsa ta fata, har wani ɓangare na numfashinsa ta nan yake yi, don haka idan cutar ta kaurara fatar sai gishirin jini ya rikice, zuciya ta tsaya. An gano cutar a 1998 daga matattun kwaɗi a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya, kuma a 1999 masaniya Joyce Longcore da abokan aikinta suka raɗa wa ƙwayar suna Batrachochytrium dendrobatidis. Wani babban nazari da mujallar Science ta buga a 2019 ya danganta ta da raguwar jinsuna 501, waɗanda ake kyautata zaton 90 daga cikinsu sun ƙare gaba ɗaya. An daɗe ana zargin cewa daga Afirka ta fito, ta hanyar wani kwaɗon ruwa da aka riƙa fitarwa zuwa asibitocin duniya daga shekarun 1930 don gwajin juna biyu, sai binciken ƙwayoyin halitta na 2018 ya nuna gabashin Asiya, yankin Koriya, a matsayin tushenta. An same ta a Najeriya da Kamaru. Takalmin mutum ɗaya da ya taka laka a wannan tafki ya je wancan yana iya ɗaukar ta, kuma ganin yadda aka tsaya kanmu sai mun wanke namu ya tabbatar mini cewa ba kasuwanci kawai ake yi da sunan kimiyya ba.

Lokacin shan shayi, a bayan mota, na yi mata tambayar da ta fi damuna, wato ina waɗannan kwalabe suke zuwa kuma me suke haifarwa. Ta amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kwalaben suna zama a firiza, idan wuta ta yarda, har sai an sami mai tafiya ko kuɗin aikawa zuwa ɗakin gwaje-gwajen abokan aikinta a Turai, inda ake da injinan gwajin ƙwayar halitta da sinadaran da a nan sai da dala ake samun su. Sakamakon yakan shiga maƙala mai marubuta da yawa, kuma maƙalar ce ake ƙirgawa idan an zo ƙarin girma a jami'a, tare da yawan masanan da suka ambace ta a nasu rubutun. Wannan ne ma'aunin da duniyar ilimi take auna tasirin mai bincike da shi. Ta kawo misali da babban nazarin halin da waɗannan halittu suke ciki a duniya, wanda mujallar Nature ta buga a 2023, da ya duba jinsuna 8,011 ya samu kusan kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, kuma lalacewar muhalli, musamman ta hanyar faɗaɗa gonaki, ita ce babbar musabbabi. Masana fiye da 1,000 ne suka ba da gudummawa a wannan aiki, kuma kowane layi a cikinsa ya samo asali ne daga wani da ya durƙusa a laka kamar yadda muka yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan fanni jinkar ta duniya ce baki ɗaya.

A nan gida ma haɗin guiwar yana da tarihi. Masanin ƙasar Denmak Arne Schiøtz ya yi aiki kan kwaɗin Najeriya a farkon shekarun 1960, kuma shi ya bayyana wani kwaɗo da ba a san shi a ko'ina a duniya ba sai a duwatsun Idanre na Jihar Ondo, wanda aka yi shekaru da dama ba a sake ganinsa ba har sai da Abiodun Onadeko na Jami'ar Legas da abokan aikinsa suka sake gano shi. Shi Onadeko ɗin, tare da Mark-Oliver Rödel na gidan tarihin halittu na Balin da wasu, sun buga bincike a 2010 kan cinikin busassun kwaɗi a Afirka ta Yamma, inda suka nuna cewa ana kama miliyoyin burduddugi duk shekara a arewacin Jamhuriyar Binin da Najeriya ana kai su kasuwannin kudu maso yammacin Najeriya. Ko a nan Jos muna da misalin abin da irin wannan haɗin kai yake iya ginawa, wato cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum a Laminga, wadda take aiki da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000 tana yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Tsuntsaye sun sami gida. Kwaɗi har yanzu a bayan mota ake yi musu taro.

Sai dai akwai wani mutum a wurin wanda na ga ya fi kowa cancantar a yi maganarsa, kuma a kansa ne na sami saɓani da Dakta. Dattijo ne mai lambu a bakin tafkin, shi ya yi mana jagora a duhu ba tare da fitila ba, shi ya san kududdufin da ke riƙe ruwa har Nuwamba da wanda ke ƙafewa cikin mako, kuma shi ya ce tun da aka fara yawaita feshin maganin ciyawa a gefen gabas kukan ya ragu a can. Dakta tana kiransa Baba, shi kuma yana ce mata 'yata, kuma ta gaya mana cewa wani kaso na kuɗinmu nasa ne. Da ɗaya daga cikinmu ya tambaye shi ko ba ya ƙyamar kwaɗi, sai ya ce, "Malam, wanda yake cinye mini ƙwari a gona ba tare da na biya shi ba, ai ba abin ƙyama ba ne." Ya ƙara da cewa tun suna yara malaminsu na allo ya hana su jifan kwaɗo, yana kafa hujja da hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wani mai magani kashe kwaɗo don haɗa magani.

Na tambayi Dakta ko sunan Baba yana fitowa a maƙalun. Ta ce yakan fito a sashen godiya. Na tambaya ko an taɓa dawowa an gaya masa, da Hausa, abin da aka samu a cikin kwalaben da aka cika a bakin gonarsa. Ta yi ɗan jim, sannan ta ce ba a yi ba tukuna. A ganina wannan shi ne babban giɓin hidimar, ya fi na fitilu da jinkirin mota nesa ba kusa ba. Duk takardar da aka raba mana da Turanci take, da sunayen Latin, babu ko sunan burduddugi a ciki, alhali mutanen da feshinsu da shararsu da tubalinsu za su yanke hukuncin makomar waɗannan tafkuna Hausa da Birom suke ji. Idan tasirin bincike yana tsayawa ne a yawan ambato a mujallun da babu mai karanta su a Bukuru, to mai lambun da ke riƙe da injin feshi bai san an yi ba. Ban ce laifinta ne ita kaɗai ba, domin tsarin da ke ba ta maki bai san da Baba ba; amma wadda ta iya rarrabe mana muryoyi biyar a cikin duhu da Hausa mai daɗi ba za ta gaza rubuta shafi ɗaya ba.

Wani abu da aka yi da kyau shi ne yadda aka bar mu da hanyar ci gaba da kanmu. Ɗalibinta ya sa mana manhajar iNaturalist a wayoyinmu, ya nuna mana yadda ake ɗaukar kwaɗo hoto ta sama da ta gefe da ta ciki, da yadda ake naɗar kukansa. Idan ka ɗora hoto da wuri da rana, masana da masu sha'awa daga ko'ina suna duba shi, kuma idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa suka yarda da suna ɗaya, bayanin yana iya wucewa zuwa rumbun bayanan halittu na duniya da ake kira GBIF, inda masu bincike suke ɗiba kyauta. Hoton Kassina da na ɗora a daren, duk da rawar hannuna, mutum biyu da ban sani ba sun tabbatar da sunansa kafin mako ya zagayo.

Mun dawo cikin gari wajen ƙarfe 11:30, an sauke kowa a inda ya fi masa kusa da gida, wanda na yaba. Shayin yana da zafi, burodin kuwa na jiya ne. Ga malaman makaranta, da ɗaliban kimiyya, da iyayen da ke da yaro mai yawan tambaya wanda ya haura shekara 12, ina ganin kuɗin bai yi yawa ba, musamman da na ga inda suke tafiya: man mota, da tsinken auduga, da hakkin Baba. Wanda yake neman hutu da hotunan sakawa a Facebook, ko wanda ba ya jure sanyi da laka da tsayuwar awa uku, gara ya nemi wani wurin. Wanda zai je ya tafi da dogon takalmin roba, da rigar sanyi mai kauri, da fitilar goshinsa da ya caja da kansa, kuma ya ci abinci kafin ya fito.

Na sake yin rajista don fitar watan Agusta, wannan karon da ɗalibaina biyu na ajin ƙarshe. Na kuma aika wa Dakta saƙo cewa idan ta turo mini sakamakon kwalabe 23 ɗin nan idan ya dawo daga Turai, ni zan mayar da shi Hausa a shafi ɗaya, mu je tare mu karanta wa Baba a bakin lambunsa da rana. Ta amsa da cewa ta yarda, amma in shirya jira, domin kwalaben bara ma suna cikin firiza.